Me sanatanmu ya faɗa a zauren majalisa? Yadda ake bin sawun mahawara tun daga 1960

Idan zaɓe ya ƙarato, da wuya a tashi daga majalisar hira a Ƙofar Ƙaura ko bakin kasuwar Daura ba a ji wani ya ce wane ai ɗumama kujera kawai ya je yi Abuja ba. Nan take wani zai rantse cewa da kunnensa ya ji shi yana ragargazar tazarce. Daga ƙarshe wanda ya fi ƙarfin murya shi ke cin gardamar. Alhali kuwa Majalisar Dattawa tana da ma'aikatan da aikinsu ke nan, rubuta abin da aka faɗa da abin da aka yanke a kowane zama. Ɗalibi mai rubuta kundin kammala karatu, ko ɗan jarida, ko mai son ya kashe bakin gardama, duk za su iya kaiwa ga waɗannan takardu. Abin da ke kayar da mutane shi ne rashin sanin wace takarda ce ke ɗauke da me.

Tantance shekarar da majalisar tukuna

Kafin ka buɗe komai, rubuta abu uku a takarda: shekarar da aka yi maganar, majalisar da aka yi ta, da sunan da ake kiran mazaɓar a wancan lokaci. Rabin kuskuren da ake yi daga nan yake farawa.

Majalisar Dattawa ta fara zama a 1960, Nnamdi Azikiwe ne shugabanta na farko, sai Dennis Osadebay, sai Nwafor Orizu. Saboda haka duk mahawarar da ta gabaci wannan shekara ba ta sanatoci ba ce. Ƙudurin da Anthony Enahoro ya kawo ranar 31 ga Maris 1953 na neman mulkin kai a 1956, wanda Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a gyara ya koma "da zarar hali ya yi", a Majalisar Wakilai ta Legas aka yi shi. Wanda Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo a 1950 na gyaran tsarin En'e kuwa a Majalisar Dokokin Arewa ne, a Kaduna. Haka nan manyan Katsina na Jamhuriya ta Farko da ake yawan ambata ba sanatoci ba ne. Musa 'Yar'aduwa ɗan Majalisar Wakilai ne kuma Ministan Harkokin Legas, Isa Kaita minista ne a gwamnatin Arewa, Sarkin Katsina Usman Nagogo kuma zamansa a Majalisar Sarakuna yake. Wanda ya shiga kundin sanatoci neman jawabinsu zai gama ya fito hannu rabbana.

Sanatocin wancan zamani ma ba talakawa ke zaɓensu ba. Kowace jiha daga cikin manyan jihohin lokacin tana tura mutum 12, Legas 4, a ƙara wasu 4 da ake naɗawa bisa shawarar Firayim Minista. Ƙarfinsu bai kai na 'yan Majalisar Wakilai ba, iyakarsu su jinkirta doka na wani lokaci. Shi ya sa zazzafar mahawarar 1960 zuwa 1966 galibi a ɗaya zauren take.

A Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, jihohi 19 ne, kowacce da sanata 5, Joseph Wayas na shugabanta, ana zama a Legas. Tarkon da ke kama Bakatsine a nan shi ne babu Jihar Katsina a lokacin. Sai ranar 23 ga Satumba 1987 gwamnatin Babangida ta cire ta daga Kaduna. Don haka Sanata Abba Ali da sauran waɗanda suka wakilci ƙasar Katsina da Daura, a ƙarƙashin Jihar Kaduna za ka same su. Mamman Abubakar Ɗanmusa kuma sai an yi hattara da shi, domin hula biyu ya sa: shi ne kakakin Majalisar Dokokin Kaduna lokacin da aka tsige Balarabe Musa a Yunin 1981, Abba Musa Rimi ya hau, sannan a 1983 ya zama Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa na 'yan watanni kafin juyin mulkin 31 ga Disamba. Maganarsa ta 1981 a takardun Kaduna take, ta ƙarshen 1983 a na tarayya.

Majalisar Jamhuriya ta Uku mai kujeru 91 ta SDP da NRC ta zauna daga Disamba 1992 zuwa Nuwamba 1993 da Abacha ya rushe ta. Waɗanda aka zaɓa a Afrilun 1998 kuwa ko rantsar da su ba a yi ba, don haka mutum na iya amsa sunan Sanata har ya tsufa, amma babu ko layi ɗaya na maganarsa a kundin majalisa.

Daga 1999 zuwa yau kujeru 109 ne, uku-uku daga jihohi 36 da ɗaya ta Abuja. Ana lissafa majalisun da lamba: ta 4 ita ce 1999 zuwa 2003, ta 5 zuwa 2007, ta 6 zuwa 2011, haka har ta 10 da ta fara a 2023. Riƙe lambar nan, da ita ake jera takardu. Shiyyar Daura da muke faɗa a baki, Katsina ta Arewa ce a rubuce, ƙananan hukumomi 12. Shiyyar Funtuwa ita ce Katsina ta Kudu, 11, Katsina ta Tsakiya ma 11. Kuma kada ka ɗauka kujera ɗaya mutum ɗaya ne ya riƙe ta shekara huɗu cur. A majalisa ta 7 shari'ar 'yan takarar CPC ta sa kujeru biyu sun canza hannu, Hadi Sirika ya karɓi ta Arewa, Abubakar Sadiq 'Yar'aduwa ya karɓi ta Tsakiya. A ta 8 Mustapha Bukar ya rasu a Afrilun 2018, Ahmad Babba Kaita ya ci zaɓen cike gurbi a Agusta. Idan ka ga an rubuta "sanatan Katsina ta Arewa ya ce" a 2011 ko 2018, duba watan kafin ka liƙa wa wani.

Takardu uku, kowacce da aikinta

Ta farko ita ce jadawalin zama, wadda za ka ga an rubuta Order Paper a kanta. Abin da aka yi niyyar tattaunawa ran nan kawai take nunawa. Sau da yawa ana jera abu goma, a yi huɗu, a ɗage sauran. Masu tallan siyasa sun fi son wannan takarda, su ɗauki hotonta su watsa a Facebook cewa sanata ya gabatar da ƙuduri, alhali ko kiran sunansa ba a yi ba.

Ta biyu, Votes and Proceedings, ita ce taƙaitaccen bayanin abin da ya faru: wa ya gabatar, wa ya mara masa baya, me aka yanke, wane kwamiti aka miƙa wa, da wa'adin da aka ba shi. A zama na gaba ake amincewa da ita, don haka ita ce hujjar majalisa a hukumance. Takan jera sunayen waɗanda suka sa baki a mahawara, amma ba ta kawo kalamansu.

Ta uku ita ce Hansard, kundin da ke ɗauke da magana kamar yadda aka yi ta. Nan ne za ka san ko mutum ya kawo hujja ko kuwa miƙewa ya yi ya yaba wa shugaba ya zauna.

Tsarin aikin kuwa shi ne a fara da jarida don a samo ranar, a koma takarda ta biyu a tabbatar an yi zaman kuma an taɓa batun, sannan a nemi Hansard na wannan rana. Idan ranar da aka ba ka ta faɗo Juma'a ko Lahadi, yi shakka, domin zaman zaure Talata, Laraba da Alhamis ake yi, sai in wani abu na gaggawa ya taso. Galibi ranar da jarida ta fito ce aka ba ka, zaman kuwa jiya aka yi shi.

Sai bambancin da 'yan jarida ke haɗewa da kalma ɗaya, ƙuduri. Akwai wanda sanata ke kawowa yana kira ga gwamnati ta yi wani abu, misali ta ƙara jami'an tsaro a Batsari ko Jibiya. A takarda Motion ne. Idan an amince ya zama matsayar majalisa, wadda ba ta tilasta wa ɓangaren zartarwa komai. Akwai kuma ƙudurin doka, mai lamba da ke farawa da SB in daga Majalisar Dattawa ya taso, HB in daga ta Wakilai. Shi kam hanyarsa doguwa ce. Karatu na ɗaya sunansa kawai ake karantawa, babu mahawara. A karatu na biyu ake tafka mahawara kan manufarsa, nan ya kamata ka nemi jawabai. Daga nan kwamiti, da jin ra'ayin jama'a, sai a dawo zaure a bi shi sashe-sashe, sai karatu na uku. Dole ɗaya majalisar ma ta amince, in an sami saɓani a kafa kwamitin daidaitawa. Shugaban ƙasa na da kwana 30 ya rattaba hannu ko ya ƙi, in ya ƙi kashi biyu cikin uku na kowace majalisa na iya tabbatar da dokar ba tare da shi ba, kamar yadda aka yi wa Obasanjo a kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta a 2000. Ƙudurin da bai kai ƙarshe ba har majalisa ta cika wa'adinta ya mutu, sai dai a sake sabon lale. Saboda haka idan aka ce wane ya kawo ƙuduri 30, tambayar ita ce nawa suka wuce karatu na ɗaya.

Wa ya zaɓi me?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, kuma ita ce wadda takardu suka fi kasa amsawa. Yawancin hukuncin majalisa da ƙuri'ar murya ake yanke shi. Shugaba ya tambayi masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa, ya ce ɓangare kaza ya yi rinjaye, ya buga guduma. Ba a rubuta sunan kowa.

Ɗauki tazarce. A Mayun 2006 sanatoci sun yi kwanaki suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya kan ƙudurin gyaran tsarin mulki mai ɗauke da gyare-gyare sama da 100, ciki har da wanda zai ba Obasanjo damar zango na uku, ana nunawa kai tsaye a talabijin. Ranar 16 ga Mayu, ƙarƙashin Ken Nnamani, ƙudurin ya faɗi a matakin karatu na biyu da ƙuri'ar murya. Sanatocin Katsina a lokacin su ne Umar Ibrahim Tsauri, Mahmud Kanti Bello da Abu Ibrahim, Aminu Bello Masari kuma yana kakakin Majalisar Wakilai. Mai son sanin matsayin kowannensu, jawabinsa zai nema a Hansard na waɗannan kwanaki da abin da ya faɗa wa 'yan jarida a lokacin. Jerin sunayen da jaridu suka riƙa bugawa na masu so da masu ƙi, lissafin jaridun ne, a ambace shi a haka. Bayan abin ya faɗi ai kowa ya zama ɗan adawa da shi.

Sunaye na fitowa ne idan an nemi a rarrabe, a kira kowa ya faɗi matsayinsa. An yi haka ranar 15 ga Yuli 2021 a kan sashen dokar zaɓe da ya shafi tura sakamako ta na'ura, lokacin da Enyinnaya Abaribe ya ƙi yarda da hukuncin murya da shugaban majalisar na lokacin, Ahmad Lawan, ya yanke. Sakamakon 52 da 28 ne, mutum 28 ba sa nan. A irin wannan rana kana iya cewa wane ya zaɓi kaza ba tare da fargaba ba, sai dai ka karanta ainihin tambayar da aka jefa wa ƙuri'a. Abin da 52 ɗin suka amince da shi shi ne a ɗaure tura sakamakon da sharaɗin tabbacin hukumar sadarwa da amincewar majalisa.

Gyaran tsarin mulki ma ana ƙirga ƙuri'a, tunda ana buƙatar kashi biyu cikin uku na dukan mambobi, wato sanata 73, sannan majalisun jihohi 24. A nan rashin zuwa daidai yake da ƙin amincewa, don haka duba waɗanda ba su halarta ba. Kuma karanta sashen da idonka. Hayaniyar Yulin 2013 da aka laƙaba wa sunan auren ƙananan yara, wadda Ahmed Sani Yarima ya tayar da batunta a zaure, a kan sashe na 29 ne, wanda ke maganar wa ya isa ya ajiye shaidar zama ɗan ƙasa. Wanda ya tsaya kan kanun labarai zai rubuta tarihin abin da ba a jefa wa ƙuri'a ba.

Gwada hannu da batun 'Yar'aduwa

Ga Bakatsine babu misalin da ya kai wannan. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi jinya Jidda ranar 23 ga Nuwamba 2009 bai aika wa majalisa wasiƙar miƙa mulki ba. Abu na farko, samo tsarin mulkin 1999 bugun da ya gabaci gyaran 2010. Sashe na 145 na wancan bugu cewa ya yi mataimaki na riƙon ƙwarya a duk lokacin da shugaba ya aiko da rubutacciyar sanarwa, bai faɗi abin da za a yi in bai aiko ba. Wa'adin kwana 21 da ke ciki yanzu daga baya aka sa shi, saboda wannan rikici. Wanda ya karanta sabon bugu zai rasa dalilin da ya sa aka yi sama da wata biyu ana ja-in-ja. Karanta sashe na 144 ma, wanda ya ɗora ayyana gazawar shugaba a wuyan majalisar ministoci da kwamitin likitoci.

Sannan ka jera ranaku: hirar da ya yi da BBC ta waya a Janairun 2010, matsayar ƙarshen Janairu da sanatoci suka nemi ya aiko da wasiƙa, sai 9 ga Fabrairu da majalisa ƙarƙashin David Mark ta ɗauki waccan hira a matsayin sanarwa, ta kafa hujja da larura, Goodluck Jonathan ya zama muƙaddashi. An dawo da shugaban gida a ƙarshen Fabrairu, ya rasu 5 ga Mayu. Ibrahim Ida, Kanti Bello da Garba Yakubu Lado ne sanatocin jihar a lokacin. Za ka tarar da kundin waɗannan ranaku bai kai yawan da kake zato ba, saboda an yi ta shiga zaman sirri, a fitar da 'yan jarida, a fito da matsaya kawai. Abin da aka faɗa a ciki sai daga bakin waɗanda suka zauna, kowa kuma da irin tasa ruwayar.

Inda takardun suke

Na 1999 zuwa yau, fara da shafin intanet na Majalisar Dokoki ta Tarayya da na cibiyar PLAC mai bibiyar ƙudurori da lambobinsu. Na shekarun baya-bayan nan sun fi cika, na farkon 2000 akwai giɓi sosai. Da yawa hoton takarda ne aka ɗora, kwamfuta ba ta iya laluben kalma a ciki, sai ka bi shafi-shafi. Inda take iyawa, gwada suna ta fuska uku ko huɗu, domin akan rubuta Yar'Adua, Yaradua, Dan Musa, Danmusa, kuma sukan fara da sunan ƙarshe. Bidiyon zaman yana taimakawa, amma nemi cikakke. Guntun minti ɗaya da ke yawo a WhatsApp ba ya nuna abin da aka faɗa kafinsa.

Na da can kuwa sai an taka. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da Gidan Arewa su ne matattarar takardun majalisun Arewa da tsofaffin jaridu. Ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello Zariya da Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa su ne wuraren neman kundayen tarayya. Kafin ka hau mota, leƙa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da ɗakin karatun Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ka duba kundayen ɗaliban tarihi da kimiyyar siyasa, sukan nuna lambar fayil ɗin da wani ya riga ya gano. Tafi da katin shaida da wasiƙar gabatarwa, ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto tun a ƙofa. Idan an yarda, ɗauki bangon kundin da ranar zaman kafin shafin da kake so. Hoton shafi marar rana ba shi da amfani bayan wata shida.

Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, da New Nigerian daga 1966, su ne za su nuna maka yadda Arewa ta ji mahawarar. Sai dai a tuna da Turanci ake magana a zaure. Sashe na 55 na tsarin mulki ya yarda a yi da Hausa, Ibo da Yarabanci idan an yi tanadi, amma a aikace Turancin ne. Duk jawabin sanata da ka gani da Hausa fassara ce, kada ka sa shi tsakanin alamun zance kamar daga bakinsa ya fito. New Nigerian kuma jaridar gwamnati ce, haɗa ta da wata ta Legas ta rana ɗaya ka ga abin da kowacce ta bari.

In takarda ta ƙi samuwa, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ka dama. Rubuta wa Akawun Majalisar Dokoki ta Tarayya, ka faɗi sunan takardar da ranar zaman daidai. Wasiƙar da ta ce a ba ni duk abin da sanatocin Katsina suka faɗa, ba mai amsa ta. Yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya. Doka ta ba su kwana 7, suna iya ƙara wasu 7, kuɗin kwafi kawai za ka biya, in an hana ka kana da kwana 30 ka je kotu.

Dattawan da suka ga abin da idonsu, tsofaffin sanatoci da 'yan jarida da 'yan jam'iyya, suna nan a Katsina da Daura da Funtuwa. Je ta hannun wanda suka sani, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, kuma sai ka gama karanta takardun. Maimakon ka ce "Ranka ya daɗe, me ya faru lokacin tazarce?", ce masa "Ranka ya daɗe, kundi ya nuna kun yi magana ranar kaza, me ya gudana a taron jam'iyya kafin a shiga zaure?" Dattijo yakan tuna wanda ya zauna kusa da shi da abin da aka raɗa masa, amma yakan haɗe shekaru biyu su zama ɗaya. Ɗauki labarin daga gare shi, ranar daga takarda.

Wajen rubutawa, ba kowace magana layinta a littafinka: rana, lambar majalisa, irin ƙudurin da lambarsa, matakin da yake, abin da sanatan ya faɗa, yadda aka yanke, da shafin da ka samo. Inda aka kira suna, rubuta ya zaɓi kaza. Inda murya ce, rubuta ya yi magana yana goyon baya ko yana adawa a rana kaza. Inda sunansa bai fito ba, rubuta ba a ga sunansa cikin masu magana a zaman da aka duba ba, ka faɗi zama nawa ka duba daga cikin aƙalla 181 da tsarin mulki ya wajabta a shekara, sannan ka nemi rahotannin kwamitocin da yake ciki na wannan shekarar.